Neman shawara: an ce a saka Innarmu cikin gwajin sabon maganin ciwon daji (kansa)

Ɗiyar Inna:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban runtsa ba. Innarmu ce ke fama da ciwon daji na mama. Tun azumin bara ta ji ƙullutu, ta ɓoye mana, sai ƙanwarta ta Gwadabawa ta gaya wa. Ita kuma ta kai ta wurin mai magani, aka yi wata biyar ana jiƙo da shafe-shafe. Sai da wurin ya fashe muka sani. Mun sayar da gonar marigayi Baba ta bakin fadama, alhali ko gado ba a raba ba. Yayanmu da ke Illela ya sayar da mashin ɗinsa, har yau matarsa ba ta amsa gaisuwata. An yi aiki, an yi kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji) sau shida, ni kaɗai ke jinya daga Mabera zuwa asibiti. Yanzu hoto ya nuna abin ya taɓa ƙashi. Ranar Litinin likita ya ce ana binciken wani sabon magani, in ta shiga ba za mu biya kuɗin maganin ba. Ya ba ni takarda da Turanci. Yaya ya ce kar in kuskura. Ni kuma ba ni da abin sayarwa kuma. Don Allah me zan yi?

Alhaji na Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Ɗiyata, kak ki yarda. Ku yara ba ku san abin da anka yi Kano ba a 1996, lokacin annobar sanƙarau. Kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan, yara kusan 200 anka sa cikin gwajin, 11 sunka rasu, wasu sunka nakasa. Sai 2009 anka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Duk wanda ya ce miki kyauta, tambaye shi mi za ya samu. Uwa ba zakaran gwajin dafi ba ce.

Maman Sadiq:
Allah ya ba ta lafiya. Ni zancen matar yayan nan ya taɓa ni. Haka na yi jinyar uwar mijina wata tara, ni ke wanki ni ke ɗauka, ranar da ta rasu dangi suka ce ban kula da ita ba. Mai jinya ba ya samun godiya wallahi.

Mai harhaɗa magani:
'Yar'uwa, abin da Baba Alhaji ya faɗa ya faru, kuma babban ƙorafin iyayen shi ne ba a yi musu cikakken bayani ba. Yau dai akwai ƙa'ida: sai NAFDAC ta amince, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya duba. Ki nemi a nuna miki shaidar duka biyun. Sannan ki tambayi matakin gwajin. Na farko mutane kaɗan ake sawa, ana neman adadin da jiki zai iya ɗauka. Na biyu ana duba ko yana aiki. Na uku ana kwatanta shi da maganin da aka saba, kuma kwamfuta ce ke raba marasa lafiya kashi-kashi, don haka Inna na iya faɗawa cikin masu karɓar tsohon maganin. Ki tambaya wa zai biya in magani ya kwantar da ita, da kuɗin hoto da na jini. Wane irin kansa ne ma? An duba HER2, wata alama da ake samu a ƙwayoyin wani nau'in dajin mama? Maganin da ake ba masu irinsa, Herceptin, ta irin wannan gwajin ya fito kafin a amince da shi a Amurka a 1998.

Ɗiyar Inna:
Ban san matakin ba, ban kuma san wannan HER ɗin ba. Amma likitan nan mutumin kirki ne, shi ya riƙe mu tun farko. Ba zai cuce mu ba.

Alhaji na Runjin Sambo:
Su ma na Kano likitoci sunka gani da farar riga. Takarda da Turanci, tsohuwa ta dangwala yatsa, shi ke nan an gama da ku. Ku tara kuɗi ku kai ta Masar. Na san waɗanda sunka tafi.

Ɗiyar Inna:
Baba, da wane kuɗi? Na faɗa a sama, gonar ta tafi.

Hajiya Ta Arkilla:
A haɗa mata zuma da habbatus sauda da nonon raƙumi, a dage da addu'a. Ni na daina yarda da asibiti. Yayata wata uku tana jiran layin gashi, wato ƙona dajin da na'ura, kullum a ce na'ura ta lalace, har Allah ya karɓi abinsa.

Mai harhaɗa magani:
Allah ya jiƙanta, Hajiya. Addu'a kam dole, amma duk abin da za a ba ta a baki a fara gaya wa likita, wasu jiƙe-jiƙen na wahalar da hanta a kan kemo. Baba Alhaji, haƙƙinsu ne a karanta musu takardar da Hausa gaban shaida, kuma ko ta sa hannu tana iya fita duk ranar da ta so, ba a hana ta sauran magani. 'Yar'uwa, tambaya ɗaya: Inna ita me ta ce? Ai ita za ta amince, ba ke ba, ba Yaya ba.

Ɗiyar Inna:
Ba mu gaya mata ya kai ƙashi ba. Ta ɗauka sanyi ne ke damun bayanta. Ku ba ku san ta ba, ranar da aka ce za a cire maman kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ni na san abin da zuciyarta za ta iya ɗauka. Ina ganin in ce mata allurar ƙarin ƙarfi ce kawai.

Mai harhaɗa magani:
Don girman Allah kar ki yi haka. In ba ta san abin da ta shiga ba, babu amincewa. Ki roƙi likitan ya zauna da ku, ya san yadda ake faɗa a hankali.

Alhaji na Runjin Sambo:
Kun gani? Maganata ta fito. A bar tsohuwa ta huta gida cikin jikokinta. Kuma ɗiyata, namiji na gidan ya yi magana, ki bi.

Ɗiyar Inna:
Baba, da girmanka, Yaya sau biyu ya zo asibiti cikin shekara guda. Ni ke jin nishinta da dare. Ban ce zan sa hannu ba, ban kuma ce na fasa ba. Alhamis likita ya ce mu koma da amsa. Na kira Yaya sau huɗu yau bai ɗauka ba. Akwai wanda zai iya karanta min takardar nan kafin ranar?

Maman Sadiq:
Matar ce ta hana shi ɗauka, ki rubuta ki ajiye.