Boko ya mayar da jaruman Masai masu gadi

Baban Ikram: Abin takaici! Masai na Kenya da Tanzaniya, mutanen da a da saurayinsu ke tunkarar zaki da mashi, yau ga su da jan mayafinsu suna gadi a ƙofar otal a Darussalam da Zanziba. Tun da shugaban Kenya na lokacin, Mwai Kibaki, ya sa firamare kyauta a 2003 aka kwashe yara daga bayan shanu. Boko ne ya cinye su.

Sani Mai Shayi: Gadi kuma ya zama abin kunya? Mahaifina gadi ya yi a Legas ya aurar da mu duka. Ka iya bakinka, Alhaji.

Baban Ikram: Ban zagi kowa ba, Sani.

Sani Mai Shayi: Ka zaga. Kai da kake kwana da minshari, wa ke tsare maka ƙofa?

Malama Hadiza: Ku tsaya. Wanda ya yi karatu ai ba shi ke gadin ba. Ƙasa aka ƙwace musu. Turawan Ingila sun tashe su a 1904 da 1911, aka fitar da su daga gandun dajin Serengeti na Tanzaniya a 1959, fari na 2009 ya kashe shanu, sannan a 2022 jami'an tsaro suka kore su daga yankin Loliondo na Tanzaniya. Wanda ba shi da makiyaya me zai kiwata? Edward Sokoine ɗan Masai ne, da karatu ya zama firaministan Tanzaniya.

Ɗan Damagaram: Malama dole ki kare boko, a nan albashinki yake.

Malama Hadiza: Kai da me ka rubuta wannan, da sanda?

Jauro: Mu ma Fulani an kafa mana hukumar ilimin makiyaya a Najeriya a 1989, har yau muna kiwo. Ba a ga mun koma gadi ba.

Sani Mai Shayi: Ga wani ma! Me gadi ya yi muku ne?

Jauro: Allah ya ba ka haƙuri, ni batun shanu nake.

Ɗan Damagaram: Wai ma har yanzu Masai ɗin suna shan jinin saniya da madara?

Shugaban zaure: To jama'a, a rufe haka. Abin da aka cimma shi ne gadi sana'a ce mai daraja, kuma Baban Ikram ya nemi afuwar ƙanina Sani. Malama, tarihinki ya yi tsawo, ba wanda ya karanta.