Wane guzuri ne zai jure doguwar tafiya a ƙaramin jirgi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, mako mai zuwa zan yi tafiyar awa 4 a ƙarami mai inji ɗaya. Ba bayan gida, ba firji.

Guzuri ya gagare ni. Na taɓa ɗaukar fura da nono a roba, muna kaiwa ƙafa 8,000 robar ta kumbura saboda nauyin iskar waje ya ragu, ina buɗewa ta fesa mini a cinya. Kilishi kuwa ƙishirwa yake jawowa, yawan shan ruwa kuma kun san ƙarshensa. Dabino ba ya riƙe ni.

Don Allah me zan nema a shagunan Sabon Gari ko Samaru, mai ciwuwa da hannu ɗaya, mara maiƙo, wanda ba ya tayar da zuciya? Ko dakuwa za ta yi?