Kasuwar roba ta mutu, in ji Alhaji

Alhaji Mai Sito: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda a nan in mutum bai ɗaga murya ba ba a kula shi, to bari in ɗaga. Makon jiya na yi dogon rubutu kan ƙwayar roba, mutum biyu kacal suka tanka, su ma "Allah ya kyauta" suka ce. To yau ga ta a dunƙule: kasuwar roba ta duniya ta mutu. Ta mutu murus. Wani mai kiran kansa masanin kasuwa, ba zan kama suna ba, ya zaunar da ni ya nuna min layi a waya yana ta hawa sama, ya ce in tara kaya, buƙata sai ƙaruwa take yi. Na tara PP da PE, nau'o'in ƙwayar da ake narkawa a yi bokiti da leda, buhu kan buhu mai kilo 25, har rufin sito. Yanzu kullum sai in buɗe ƙofa in tsaya ina kallonsu, ƙura ta yi wa na sama rawani, kuma duk kayan da ya sauko daga jirgi ya fi nawa araha. Chaina ta gina masana'antu fiye da abin da duniya za ta iya shanyewa. Tambayata ɗaya: in karyar in huta, ko in riƙe?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma "mutu" ta yi yawa. A 1950 abin da duniya ta yi gaba ɗaya bai wuce tan miliyan 2 ba. A lissafin OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu ci gaba, a 2000 an yi tan miliyan 234, a 2019 tan miliyan 460, kuma ta ce in aka ci gaba a haka zai kusa ninkawa uku zuwa 2060. Gawa ba ta ƙiba, ranka ya daɗe.

Kawu Na Gefe: Ba ta ƙiba amma tana kumbura. Kai tan kake ƙirgawa, shi Alhaji riba yake nema.

Hajiya Babba: Ni kalmar ce ma ba na so. Mutum ya tashi da sassafe ya kira wa hanyar abincinsa mutuwa? Alhaji, ka ce suma ta yi.

Kawu Na Gefe: Hajiya, suman da ya shekara uku kuma me sunansa?

Malam Mai Alli: Ku ba ni dama. Ana cewa kasuwa ta mutu idan mai saye ya ƙaurace mata. A nan mai saye yana nan, masu sayarwa ne suka yi masa yawa. Hausa ba ta rasa kalma ba: kasuwa ta faɗi, ta yi sanyi, ta kwanta, kaya ya yi kwantai. Abin da ya samu Alhaji kwantai ne.

Alhaji Mai Sito: Malam, ko kwantai ko tsayuwa, tambaya na yi.

Ɗan Auta: Baba Malam, da girmanka, a Turai mutuwa ce ta gaske har da jana'iza. A 2024 ExxonMobil ta Amurka ta rufe tanderunta na yin sinadaran roba da ke Gravenchon a Faransa. A shekarar SABIC ta Saudiyya ta kashe ɗaya daga cikin nata a Geleen ta ƙasar Holan. A 2025 Dow ta Amurka ta ba da sanarwar rufe na Böhlen a Jamus. Ma'aikacin da aka miƙa wa takardar sallama ka je ka ce masa kwantai ne.

Injiniya: Ƙanena, ka kawo gaskiya amma ka ajiye ta a inda ba wurinta ba. Turai tsadar abin zubawa a tanderu ce ta kayar da ita, duniya ba ta daina sayen roba ba. Bari in yi bayani sau ɗaya. Roba ba kai-tsaye daga ɗanyen mai take fitowa ba. Akwai tanderu da ake hurawa har zafinsa ya kai wajen digiri 850, a tura masa abu tare da tururi, ya farfashe shi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya ya koma etilin da furofilin. Etilin ne ke zama PE, furofilin ya zama PP, wato kayan da ke sitonka, Alhaji. Duk rigimar a kan abin da ake zubawa take. Turai da Japan da Koriya ta Kudu nafta suka fi zubawa, wadda ake samu a matatar mai, farashinta kuma na bin na ganga. Amurka da ƙasashen Gabas ta Tsakiya suna da etan, wanda ake cirewa daga iskar gas. In ka zuba etan, wajen kashi 80 cikin 100 zai fito etilin. In nafta ce, wajen kashi 30, sauran ya fito wasu abubuwa da sai ka nemo musu kasuwa. Tun da Amurka ta fara tatsar gas daga cikin dutse etan ya yi mata araha, ita kuma Turai yaƙin Yukiren ya ƙara mata tsadar wuta a 2022. Shi ya sa INEOS ta Birtaniya da ta tashi gina sabon tanderu a Antwerp ta Beljiyam ta tsara shi a kan etan da za a riƙa kawowa a jirgi daga Amurka. Ga rufewa, ga gini, a nahiya ɗaya. Ina mutuwar?

Ɗan Auta: Yaya, uku ake rufewa ɗaya ake ginawa, kuma ba ukun ne kaɗai ba. Koriya ta Kudu ma a watan Agustan 2025 kamfanoninta sun amince su rage ƙarfin tanderunsu na nafta.

Kawu Na Gefe: Injiniya in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya koya maka haɗa agogo.

Ɗan Gwanzu: Ni abin da ya tsaya min shi ne yadda kowa ya bar Alhaji ya ɗora wa Chaina laifi aka yi shiru. Shekara da shekaru ita ce ta fi kowa sayen PE daga waje, kowa na cin riba a kanta, ba wanda ya ce uffan. Yau ta ce bari ta yi nata, sai ta zama mai laifi? Wajen kashi ɗaya cikin uku na robar duniya a can ake yi. Inda ba su da mai da kwal suke yi. Kuma etan ɗin da Injiniya ke yabo, Chaina ce ta fi kowa saye a hannun Amurka. Ƙwazo ne, ba zalunci ba.

Kawu Na Gefe: Tun da ya je birnin Gwanzu na Chaina sau biyu aka ba shi shayi kyauta ya zama jakadansu.

Ɗan Gwanzu: Sau biyar, Kawu. Kai kuma da ba ka taɓa wuce filin jirgi ba?

Malam Mai Alli: Kafin ku ci gaba, tun ɗazu ina jin kuna ta cewa roba, roba. Roba ta asali ƙaro ne da ake tatsa daga bishiya, Tailan da Indunusiya ne manyan masu ita, taya ake yi da ita. Wannan ta buhun Alhaji filastik ce. Mutumin da bai san sunan hajarsa ba yaya za a yi ya san ko ta mutu?

Hajiya Babba: Haba Malam! Wa ka taɓa ji ya ce a miƙo masa kujerar filastik?

Malam Mai Alli: Yawan masu kuskure ba ya mayar da shi daidai, Hajiya.

Ɗan Auta: To Baba, ita ma leda asalinta a Turanci fata take nufi. Mu daina cewa leda ke nan?

Malam Mai Alli: Yaro, ina koyar da harshe tun ba a haife ka ba.

Injiniya: Malam, ko a taya ma an gauraya. Akwai robar roba da ake haɗawa da wani sinadari butadin, kuma daga tanderun naftan nan yake fita.

Kawu Na Gefe: "Robar roba." Allah ya ba mu lafiya.

Baban Yara: Ni dai an turo min wata murya jiya, wani bawan Allah yana bayani tsaf cewa motocin lantarki sun gama da mai, kuma in mai ya tafi roba ta bi shi. Bari in nemo ta in turo. Ina ganin Alhaji ya yi gaskiya.

Injiniya: Baban Yara, waye mai muryar?

Baban Yara: Bai faɗi sunansa ba, amma daga jin maganarsa ya san abin da yake yi.

Injiniya: To ya juya zancen. Saboda tsoron motar lantarki ne ma masu mai suka ruga cikin roba. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce tun 2018 sinadaran da ake cirowa daga mai su ne za su ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarin buƙatar mai zuwa 2030. Aramco, kamfanin man Saudiyya, ta sayi kashi 70 cikin 100 na SABIC a 2020 kan dala biliyan 69 da ɗoriya, a 2023 ta sayi kashi 10 na kamfanin sinadarai Rongsheng a Chaina. Mai kuɗi ba ya zuba wannan dukiya a maƙabarta. Kowa ya gudo wuri ɗaya, shi ya sa ɗakin ya cika.

Gimbiya: Ku yi haƙuri iyayena, amma ina karanta ku ina mamaki. Kuna faɗa kan ko ta mutu, alhali matsalarta ita ce ba ta mutuwa. Kasuwa ta faɗi ko ta tashi, gorar da aka jefar tana nan. OECD ɗin da Injiniya ya kawo ita ce ta ce kashi 9 cikin 100 kaɗai ake sake sarrafawa, amma bai kawo wannan layin ba. Kuma arahar da Alhaji ke kuka da ita masu sake sarrafawa ta fi kashewa, don in sabuwar ƙwaya ta yi araha wa zai sayi tsohuwa da sai an tsinto, an wanke, an niƙa? A Nairobi a 2022 ƙasashe suka yarda za a yi yarjejeniyar magance sharar roba. Aka je Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024 aka tashi babu komai, aka je Janiba a Agustan 2025 aka sake tashi haka, saboda ƙasashe irin su Saudiyya da Rasha da Iran sun ƙi a taɓa yawan abin da ake samarwa.

Alhaji Mai Sito: 'Yata, ki bar Saudiyya a wannan magana.

Gimbiya: Baba, ba ni na sa ta ba, wakilanta ne suka yi magana a zauren taron.

Hajiya Babba: Ƙasa ta kare abincinta laifi ne? Waɗanda ke ihun a rage, ba su ne suka yi ta loda shararsu a jirgi suna kai wa Chaina ba, sai da ta rufe ƙofa a farkon 2018?

Ɗan Gwanzu: Allah ya yi miki albarka, Hajiya.

Kawu Na Gefe: Ɗan Gwanzu, tunda ka dawo, ka tuna Fabrairun 2021? Sanyi ya daskarar da jihar Teksas ta Amurka, masana'antu suka tsaya cak, PP ya yi tashin gwauron zabo. Wa ya rubuta a zauren nan cewa farashin ba zai ƙara saukowa ba har abada?

Ɗan Gwanzu: Kawo hoton saƙon.

Kawu Na Gefe: Ka goge ai.

Ɗan Gwanzu: To babu ke nan. Ni kuma ina da hoton alƙawarin da ka yi min na kuɗin dakon nan, in saka?

Kawu Na Gefe: Saka mana. Sai ni ma in faɗi yadda aka yi kayan suka iso a jiƙe.

Hajiya Babba: Ku ji tsoron Allah, da yara a zauren nan.

Baban Yara: Na samo muryar, amma ashe kan batirin waya yake magana. Duk da haka dai.

Malam Mai Alli: Har yanzu ba wanda ya ba ni amsa kan filastik.

Shugaban Zaure: Jama'a, ya isa haka. Na bi saƙonnin tun daga farko, ga abin da zaure ya tsaya a kai. An yi ittifaƙi cewa kaya ya yi yawa a duniya kuma ba ranar raguwarsa, kamar yadda Ɗan Auta ya tabbatar da hujjoji masu ƙarfi, Kawu kuma ya ƙarfafa da misalin kumburi. Shi kansa Injiniya, duk da doguwar lacca, a ƙarshe ya amsa cewa ɗakin ya cika. Maganar Gimbiya ba ta cikin batu. Ta Malam a kai ta zauren harshe. Rigimar dako a yi ta a gefe. Saboda haka ra'ayin mafi rinjaye shi ne mai kaya a ƙasa kada ya jira, ya karyar tun yana samun mai ɗauka. Alhaji, na yi maka magana ta gefe, ka duba.

Injiniya: Shugaba, yaushe na amsa? Cewa na yi buƙata na ƙaruwa, kuma rufe tanderun da ake yi shi ne zai rage cunkoson.

Ɗan Auta: Ni ma Turai na ce, ban ce Alhaji ya sayar ba.

Gimbiya: An ƙirga ƙuri'a ne ban gani ba?

Kawu Na Gefe: Ranka ya daɗe Shugaba, tambaya ɗaya. Injin buga bokitin nan da ka kafa bara, PP yake ci ko PE?

Shugaban Zaure: An rufe zaure sai gobe.