Kalami ko Kiɗa, Wa Ya Riga Wani?

Alƙalamin Dare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga tambayar wannan mako: in za ka yi waƙa, baitoci kake fara rubutawa ko kiɗa kake fara nema? A amsa da waƙa, ban da dogon turanci. Ga tawa:

Da farko kalami, kiɗa ne na baya,
Idan babu zance, ina za a tsaya?
Rubuta, ka auna, ka tace, ka zaɓa,
Sa'annan ka ɗauko kalangu, garaya.
Jiki ne kalami, kiɗa ko tufafi,
Idan ba jiki, wa ake sa wa kaya?

Gwanin Fiyano:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ka taɓo mu, to riƙe wannan.

Ka ce wai jiki ne, kiɗa ko tufafi,
Fito ba tufafi mu gan ka a hanya!
Ana jin amo kan a gane kalami,
Uwa na ta raino da rauji da murya.
Jinjirin nan bai san nahawunka ba,
Da "ayye" kaɗai ya yi barci a baya.

'Yar Amshi:
Ku biyun duk kun wuce ƙofar gidan.

Ba na farawa da takarda,
Ba na farawa da ganga,
Amshi nake nema tukuna,
Shi ne ƙofar da zan shiga.
In yaro ya ji shi sau biyu
Ya maimaita, to na riga
Na san waƙa ta tsaya da ƙafarta,
Sauran baitoci aikin wuyan riga.

Ɗan Kuntigi:
Allah ya ja zamanin Yaya Alƙalami!

Alƙalami sha tawada, gagara gasa,
Baitinka ɗaya ya fi kundin wasu.
Masu latsa maɓalli su ce sun yi waƙa,
A ɗauke wuta ka ji shirunsu.

Gwanin Fiyano:
Ɗan Kuntigi, ashe kana nan da rai?
Ɗan amshin Shata, ba ka da taka sai ta wani.
Sunanka kuntigi, tsirkiya ɗaya tal,
Ita ke riƙe wa mawaƙi waƙa tun wancan zamani.
Kana zagin kiɗa da sunan abin kiɗa,
Kai da sunanka ma ba ku shirya ba, ƙani.

Ɗan Kuntigi:
Wa ye ƙaninka? Na girme ka a zauren nan.

Alƙalamin Dare:
Bar shi da ni, Ɗan Kuntigi. Ƙanena Gwani, saurara:

Ka gina kiɗa, ka ce in cusa kalma,
Ta ƙi shiga, ka murɗe mata wuya.
Harshenmu na da karin sauti, yaro,
Hawa da sauka ke raba kalma ɗaya.
Ka ce "kuka" kana nufin na hawaye,
Raujinka ya faɗi, mai ji ya hango itaciya.
Sannan na'ura ta miƙe maka murya,
Ka fito kana cewa kai ne gwanin duniya.

'Yar Amshi:
Kai! Wannan ta shiga. Gwani, kana numfashi?

Malam Mai Aruli:
Salamu alaikum. Na karanta tun daga sama, kuma kafin a yi nisa akwai gyara. Malam Alƙalami, baitocinka na farko a bahrin Mutaƙarib, ɗaya daga cikin ma'aunan waƙar Larabawa, ka zuba su, fa'ulun sau huɗu a kowane ɗango, wato gaɓa marar nauyi ɗaya sai masu nauyi biyu. "Da far-ko / ka-la-mi / ki-ɗa ne / na ba-ya", lafiya lau. Amma ɗango na biyu ya yi ɗingishi a ƙafar ƙarshe. "A tsa-ya": "a" gajere, "tsa" ma gajere. Ina nauyin ya tafi? Mai cewa kalami ne gaba, ga kalaminsa na neman sanda.

Halilu na Basra ya auna buhuri,
Guda sha biyar ne ya tsara a jere.
Na sha shida Ahfash ya ƙaro a baya,
Ku zauna ku koya, mu auna a tare.

Tun ƙarni na 8 Miladiyya Halilu ya yi nasa aikin, ba yau ba.

Alƙalamin Dare:
Allah gafarta Malam, ai in na zo rerawa ina ɗan jan "tsa" ɗin, ba kunnen da zai ji gurgunta.

Gwanin Fiyano:
Allahu akbar, gaskiya ta yi halinta!
Jiki ya yi ɗingishi, riga ta rufa asiri.
Ka ja "tsa" da murya don ƙafa ta miƙe,
Wa ke murɗe wuyan kalma yanzu a sarari?
Ka ce na mai da hawaye itaciya,
Kai ka ƙirƙiro "tsaaya", babu ita a gari.

Ɗan Kuntigi:
Malam Mai Aruli, da girmanka, ka shigo mana da ma'aunin Larabawa. Makaɗan baka nawa ne suka san fa'ulun? Masu kotso da taushi da kukuma, wa ya zaunar da su ya koya musu Basit da Kamil?

Ba su riƙe alƙalami ba, ba su san bahari ba,
Ganga ke ba su kari, 'yan amshi su ɗauka.
Malam na can yana ƙirgan gaɓa da yatsa,
Su sun gama waƙa, jama'a ta watse, an tashi an sauka.

Alƙalamin Dare:
Ɗan Kuntigi, don Allah yi shiru. Ka ce ganga ke ba su kari? Ai hujjar Gwani ka miƙa masa da hannunka.

Gwanin Fiyano:
Na karɓa, na gode. Kuma Malam, tunda ka kawo Halilu, ka manta hikayar da ake bayarwa, cewa a kasuwar maƙeran tagulla ya ji bugun guduma, daga nan tunanin auna waƙa ya zo masa?

Shi kansa mai arulin sauti ya fara ji,
Dum-dum na maƙera, ba takarda ba.
Kunne ya riga ido zuwa wurin waƙa,
Ka duba littafinka, ba ni na faɗa ba.

Malam Mai Aruli:
Ɗan Kuntigi, ɗana, rashin sanin sunan bahari daban, rashin kari daban. Makaɗin baka na auna gaɓa da kunnensa, in ɗan amshi ya ƙara gaɓa ɗaya nan take zai harare shi. Kai kuma Gwani:

Hikaya ka kawo, hikaya ta zauna,
Dubu sun ji sautin, guda ne ya auna.
Ku ƙirga gaɓoɓi, ku bar yin gardama,
Abin da kiɗa ya rufe, za mu tona.

Kuma baitinka na jinjiri tun farko ya fita daga bahrin, na ƙyale ka ne don yarinta.

Ɗan Kuntigi:
Ya ƙyale ka don yarinta! Malam, na dawo layinka.

Baƙon Zaure:
Ku yi haƙuri, sai yau na leƙo. Amsar tambayar farko ce na kawo.

Ni dai rauji ke fara zuwar mini,
Ina tafe, ko ina kwance da dare.
In ɗauki waya in yi masa "la-la-la",
Don kada gari ya waye ya tsere.
In ƙirga gaɓoɓin "la" ɗin nan tsaf,
In nemo kalmomi masu tsayinsu a jere.
Inda murya za ta daɗe a sama,
Dogon wasali nake sa wa, ya zauna a ɗaure.
Inda zance ya yi nauyi, kiɗa ya ja baya,
Inda na yi shiru, a bar wa sarewa fili ta more.
Kalmar da ta ƙi zama ba na murɗe ta,
Ko in canza ta, ko raujin in datse, in sare.

Ɗan Kuntigi:
Baƙo, an wuce nan tun shekaranjiya. Yanzu shari'ar "tsa" ake yi.

'Yar Amshi:
Baƙo ka fi su duka hankali, amma jira ni, akwai abin da na tsinta. Baba Malam, a gafarce ni, ɗiyarka ce. Na bi ɗangonka na uku da yatsa kamar yadda ka koya mana: "Ku ƙir-ga / ga-ɓo-ɓi / ku bar yin / gar-da-ma."

Baba ka ce gajere ɗaya, dogaye biyu,
Na ƙirga "gardama", na ga "gar" a gaba.
Nauyi ya zo inda sauƙi zai zauna,
Sauƙi ya koma tsakiya, bai dace ba.
Sandar da ka ce Yaya ya je ya nema,
In ya samo, ku riƙa karɓa-karɓa.

Alƙalamin Dare:
'Yar'uwa, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki abin da kike nema duniya da lahira!

Gwanin Fiyano:
'Yar Amshi sarauniyar zaure,
Mai ƙirga gaɓa ta kama mai ƙirga.
Yau aruli ya ci mai aruli,
A kawo kalangu, a kawo ganga!

Malam Mai Aruli:
Ku dakata da murna. Da gangan na sa shi, don in ga ko akwai mai bin karatun a cikinku. Ga shi mutum ɗaya ce ta gani, sauran kuna ta tafi.

Ɗan Kuntigi:
Haka ne Malam, ni ma na gani, na yi shiru ne don ladabi.

'Yar Amshi:
Ɗan Kuntigi, layi na nawa ka canza yau?

Baƙon Zaure:
Ba wanda zai ce komai kan baitocina?

Malam Mai Aruli:
Zan zo kansu, Baƙo. Ɗangonka na takwas ya fi na bakwai tsawo da gaɓa wajen huɗu, ka shirya.

Gwanin Fiyano:
Malam, kafin nan turo min ɗangon "gardama" ɗin sitidiyo. Zan ɗora ganga daidai kan "gar", ba mai ji. Yaya, kai ma kawo "tsa" ɗinka, kuɗin aiki ɗaya zan karɓa.