Neman shawara: 'yan aji 3 ba sa ɗaukar littafi sai in za a yi gwaji

Assalamu alaikum malamai. Ina riƙe da aji 3 na firamare, yara 48. Yawancinsu sun iya haɗa baƙi, amma ba mai buɗe littafi don ra'ayin kansa. Littattafan labari 30 ne kacal a ajin. Ta ina zan fara?

Malamar aji 4:
Wa alaikumus salam Malama. Ki fara karanta musu da bakinki, minti 10 kullum, a lokaci guda, kamar da an dawo daga tara. Ki riƙa sauya murya, ki ɗaga hoton na baya ma su gani. Inda labari ya ɗau zafi ki rufe, ki ajiye littafin inda hannunsu zai kai. Za ki ga ana rububinsa. Amma don Allah kada ki biyo da tambayoyin maki. Da zarar yaro ya gane gwaji ne, sai ya koma hadda, daɗin ya tafi. "Me kuke ganin zai faru gobe?" ta wadatar.

Shugaban makaranta:
Littafi 30 ya isa. Ki haɗa yaran bibbiyu, littafi 24 kenan, shida su rage na canji. Kada ki haɗa gwanin aji da wanda ya fi kowa rauni, gwanin zai karance shi kaɗai. Ki jera littattafan bangonsu na kallon yara, don hoton bango ne ke jan su. Su zaɓa da kansu: yaro ya buɗe shafi ɗaya, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa. In yatsu biyar sun ƙare, littafin ya yi masa nauyi, ya canza. Ki liƙe ƙashin bayan kowane littafi da salatif tun bai yage ba, tsakiyar zango kuma ki yi musaya da ajin da ke kusa.

Mai kula da ɗakin karatu:
Ƙari kan na Malam: karatun shiru a fara da minti 5, a ƙara a hankali zuwa 15. Ke ma ki riƙe naki littafin, ban da makin aiki a lokacin, domin suna kallonki. Ki guji ba da kyauta ga wanda ya fi yawan littattafai, sirara za su riƙa ɗauka suna buɗe shafuka kawai. Wanda bai iya haɗa baƙi ba, ki ba shi mai hotuna da yawa a harshen da yake ji, ya ba abokinsa labarin abin da ya gani.