Farantin kariya na ƙarƙashin Hilux: in sayo ko in ba mai walda?

Ɗan Gembu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Hilux ta 2012 mai shan gas, da ita nake kai maganin shanu rugage a saman Mambilla, wajen Nguroje da kewaye. Da damina ruwa yakan kwashe ƙasar hanya, duwatsu su yi tsaye a tsakiya. Satin da ya wuce wani ya daki farantin da ke ƙarƙashin inji, ya lotsa shi har ya manne da kwanon baƙin mai. Allah ya tsare bai huje ba, don wajen ko sabis ɗin waya babu. Yanzu ina son mai ƙwari. In nemi na kamfani ne, ko in ba mai walda ya yanka mini? Kauri nawa ya isa?

Bakaniken Panteka:
Wa alaikumussalam Alhaji. Na kamfani irin ARB ta Ostireliya ƙarfe ne milimita 3, ramukansa sun dace da na motar, sai dai kuɗinsa da na dako ba wasa ba. A leƙa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Ladipo a Legas, akan dace da na hannu.

In walda za ka yi, kada a ruɗe ka da kauri. Ƙarfe milimita 3, murabba'in mita ɗaya, ya haura kilo 23. Ka ninka kaurin, ka ɗora wa ƙafafun gaba wahala a banza. Ƙarfinsa a lanƙwasa yake: a karya gefunansa, a kwantar masa da angil biyu (sandar ƙarfe mai kusurwa) ta ciki, sai ka ga siririn ya fi shimfiɗaɗɗe mai kauri jure duka. Kuma don Allah kada kowa ya liƙa maka shi da wuta a jikin shasi. A ɗaure da noti a ramukan da ke can tun asali, kan notin ya nutse ciki, in ba haka ba dutse zai aske shi, ranar kwancewa a sha fama. A bar tazarar kamar yatsa biyu tsakaninsa da kwanon, a huda wajen juye baƙin mai.

Direban Agadez:
Mu nan rairayi ne da tsakuwa, shi ya sa na fi son alminiyam milimita 6, kilo 16 ne kacal a wannan faɗin, ba ya tsatsa. Amma kan dutse kamawa yake yi, ƙarfe kuwa zamewa, to naku ƙarfen ya fi. Abin da nake ji maka tsoro ciyawa ce. Mambilla ƙasar ciyawa ce, da rani busasshiya takan taru tsakanin faranti da salansa, ta kama wuta. A yi masa ramukan iska, ka riƙa zura hannu kana zaƙulowa in injin ya huce. Tankin mai ma a yi masa farantin kariya.

Ɗan Gembu:
Na gode, Allah ya saka. Waldar zan yi a Jalingo. Oga, giyar taimako fa, wadda ke kai ƙarfi ga ƙafafun gaba, faranti ɗaya dogo zai rufe har can?

Bakaniken Panteka:
A raba shi uku: inji, giya, tanki. Wanda ya lotse shi kaɗai za ka kwance a buge.