Bit da bayit: ku taya ni neman sunan da zai raba su

Jama'a, wata kalma ce ta tsaya mini a wuya. Kwana uku ke nan ina rubuta ɗan darasi kan yadda ake mayar da ma'aunin data daga wannan zuwa wancan, da na iso kan bit da bayit sai na cije. A rubuce ana iya gane su. Amma ka karanta wa mutum da baki, sai ya ji kamar abu ɗaya ka maimaita, alhali ɗaya ya ninka ɗayan sau takwas.

Bit shi ne ƙaramin cikinsu, ko sifili ko ɗaya, babu na uku. Masanin lissafi Claude Shannon ne ya fitar da kalmar a rubuce a 1948, ya kuma ce daga abokin aikinsa John Tukey ya samo ta. Bayit kuwa bit takwas ne a haɗe. Werner Buchholz na kamfanin IBM ya raɗa masa suna a 1956, daga kalmar Turanci mai nufin cizo, ya sauya mata harafi ɗaya da gangan don kada a rikita ta da bit. Kun ga tun ranar suna ake fargabar wannan ruɗani. Faransawa sun hutar da kansu, suna cewa octet daga tushen kalmar takwas, shi ya sa za ka ga Mo da Go a wayoyinsu maimakon MB da GB.

Ruɗanin ba na wasa ba ne. An ce maka saurin intanet ɗinka 40 Mbps (megabit 40 a daƙiƙa), kana son sauke bidiyo mai nauyin 600 MB (megabayit 600), ka lissafa daƙiƙa 15. Ka zuba wa waya ido, sai da aka yi minti biyu cur. Ƙaramin b na farko bit ne, babban B na biyu bayit ne. Sai ka raba 40 gida takwas, ka samu 5 MB a kowace daƙiƙa, sannan lissafi ya fita. To da baki ta yaya za ka furta babban baƙi da ƙarami?

Wani ɗan uwa ya kawo shawarar a kira bayit "harafi", tunda bayit ɗaya kan ɗauki harafi ɗaya. Malam, na so wannan ƙwarai, amma Hausar kanta ta ƙaryata mu. A tsarin UTF-8, wanda kwamfuta ke adana haruffa da shi, k bayit ɗaya yake ci, ƙ mai lanƙwasa kuwa biyu, haka ɗ da ɓ. Rubuta "kasa", bayit huɗu ne. Rubuta "ƙasa", harafi huɗu amma bayit biyar. Idan muka ce harafi, mun koyar da kuskure tun daga bakin ƙofa.

An kuma ce a kira bit "ɗigo". Ɗigo yana da aiki a hannu, shi muke faɗa a adireshin intanet da kuma cikin lamba. Wa zai gane "ɗigo biyu da ɗigo biyar"?

Ga inda na tsaya. A bar bit yadda yake, gajere ne, baki ba ya wahala da shi. Bayit kuma a kira shi ƙulli, domin abin da yake ke nan, ƙananan abubuwa takwas da aka ɗaure wuri guda ake ƙirga su a matsayin ɗaya. Bit takwas, ƙulli ɗaya. Mega da giga sun riga sun zauna a bakin mutane, ba na son a taɓa su. In an ce giga kawai, ƙulli ake nufi. In bit ake nufi, dole a cika, a ce megabit.

Saura rigimar 1,000 da 1,024. Kilo dubu ne a ko'ina, amma kwamfuta da ninki take ƙirga, biyu, huɗu, takwas, har ninki na goma ya kai 1,024, sai aka ara masa sunan kilo don sun yi kusa. Tazarar kan faɗaɗa in ana hawa sama, a kilo kashi 2.4 cikin ɗari ne, a tera ta kusa kashi 10. Shi ya sa faifan da aka rubuta wa 1 TB (tera ɗaya, wato giga dubu), in ka jona shi a Windows sai ka ga 931 GB, ka ɗauka an cuce ka. Ba abin da ya ɓace, mai ƙerawa ya ƙirga da dubu, Windows ta ƙirga da ninki. A 1998 hukumar IEC, mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki na duniya, ta fito da kibi, mebi da gibi don na 1,024, sai dai har yau ba su kama bakin jama'a ba, ni ma ban ga dalilin ɗora wa Bahaushe su ba.

Nawa ganin, mu ce giga ta dubu da giga ta ninki. Tera ɗaya ta dubu daidai take da wajen giga 931 ta ninki, jimlar ta fita sumul ba tare da baƙuwar kalma ko ɗaya ba bayan tera da giga.

Abin da ban warware ba shi ne jam'i. Mu ce ƙulli 500 kamar yadda muke cewa mita 500, ko ƙulle-ƙulle? Ni na fi karkata ga na farko. Malaman Hausa da masu koyar da kwamfuta, ku gwada ƙulli a aji ku faɗa mini ko ɗalibai sun kama.